Ayarin da Ya Shigo Gari Ba Rawani

A Agadas, idan ɗari ya sauko daga duwatsun Abzin, ba sai an kira mutum bakin wuta ba. Da an ci tuwo an wanke hannu, Kaka Tima, mahaifiyar babana, takan sa a kawo mata kaskon garwashi tsakar gida. Ta zauna kan tabarmarta ta kaba, ta miƙa wa wutar tafukanta biyu kamar mai roƙon wani abu. Idanunta sun riga sun dushe a lokacin, amma ba wanda ya taɓa satar dabino daga kwandonta ba ta kira sunansa ba. Ta bayan kafaɗarta muna hango kan hasumiyar babban masallaci, da itatuwan nan da suka tsittsire daga jikinta. Har na yi wayo ina zaton daga can tatsuniyoyi ke saukowa.

Cikin jikokinta ni ne marar magana. Ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, kullum da littafi a ƙarƙashin riga. Idan baƙo ya gaishe ni, ƙasa nake amsa wa. Kaka tana kirana Mushe, sunan da muke kiran malamanmu. In ta so tsokana sai ta ce, “Angona mai takarda, wanda ko akuya ta kalle shi sai ya sunkuya.”

Shekarar da zan ba da labarinta, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Babana ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma tun bayan damina, muna sa ran dawowarsa cikin tsakiyar sanyi. Bayan tafiyarsa tsoro ya shiga ƙasa. Ana ta cewa wasu mutane na ƙetaro iyaka da bindigogi. Ba zancen kasuwa kawai ba ne: ɗan mai unguwarmu, wanda yake aikin gardi, wato dogarin gwamnati, a kudu, an aiko cewa an harbe shi a cinya.

Ƙanen babana, Kawu Sidi baduku, shi ke da rediyo a gidan. Wata rana da yamma ya ɗauko ta ya ajiye kusa da kasko, domin an ce depitoci, wakilan jama'a, za su yi mahawara a majalisa can Yamai kan tsaron ƙasa. Da Faransanci suke magana, don haka ni aka zaunar gaban akwatin in riƙa juyawa. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Manyan mutane a wani ɗaki mai nisan kwana da kwanaki, ga muryoyinsu cikin gidanmu, har tarinsu ana ji. Na riƙe fensir ina rubuta kalmomin da ban sani ba.

Wani ya yi maganar ƙarin jandarmomi, wani ta takardar shaida ga kowane matafiyi. Sai wani mai kakkaurar murya ya kawo shawarar da ta sa aka tafa. Abin da na fahimta shi ne, babu mai ƙetare hamada ba ruwa, saboda haka a rufe ƙananan rijiyoyin da ke nesa da babbar hanya har ƙasa ta lafa, a bar waɗanda soja ke gadi. Wani ya tashi ya ja da shi, aka yi hayaniya, aka ɗage zaman.

Na juya musu da Hausa daidai yadda na ji. Kawu ya gyaɗa kai.

“Ai gaskiya ne. Mai son kashe maciji raminsa yake toshewa.”

“Mushe,” in ji Kaka, “sake faɗi. A rufe me?”

“Rijiyoyi, Kaka. Ƙanana.”

“To, su da ke kan hanya, akwatin nan yana magana da su?”

Kowa a gidan ya san madugun da babana ke bi ba ya dawowa ta babbar hanya. Yana da wata ƙaramar rijiya da ubansa ya nuna masa, kuma da lissafinta yake auna ruwan salkuna tun daga Bilma. Na ga innata ta tashi ta shige ɗaki, ta bar ƙwaryar da take gogewa.

Kaka ta tona garwashin da tsinke, ta daɗe tana yi. Sannan ta buɗe da kalmar da take buɗe kowace tatsuniya.

“Ga ta nan tafe bisa raƙumi.”

“Ta durƙusa mu sauke ta,” muka amsa.

Ta ce, an yi wani gari a bakin rairayi, yana da rijiya tafiyar yini biyu daga ƙofarsa. Zurfinta gaba arba'in. Igiyar da za ta kai ruwanta ta yi nauyin da babu matafiyin da zai ɗora wa raƙuminsa ita, don haka tun kakanni mutanen garin ke tufka igiyar fata su bar ta a bakin rijiyar da gugarta. Wanda ya zo ya sha, ya naɗe ta, ya bar wa na baya. Ba a tambayar ɗan wane ne.

Wata shekara mahara suka dami ƙasar. Sarki ya tara dattawa a fada, aka kwana uku ana magana. Wannan ya ce a ƙara tsawon ganuwa, wancan ya ce a ƙera masu. Sai wani mai kaifin baki ya ce, “Me ya kawo wahala? Maharan nan da igiyarmu suke sha. A ɗauke ta.” Fada ta ɗauka da kabbara. Wani tsoho mai tufkar igiya ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa, aka ce masa, “Baba, ana maganar yaƙi kana maganar guga?” Aka aika mahaya biyu suka naɗo igiyar, suka rataye ta a zauren sarki.

Ƙanwata Ramatu ta ce, “Shi ke nan maharan suka mutu?”

“Ke dai bakinki ya riga kunnenki fitowa duniya,” in ji Kaka. “Mahara suna da ƴan leƙe, suka ji labari suka sake hanya. Waɗanda ba su ji ba su ne ƴaƴan garin.”

Ayarin gishirin garin ne ya iso rijiyar, salkunansu sun bushe kamar takalmi. Suka leƙa, ga ruwa can ƙasa yana ƙyalli kamar idon mage, ba igiya. Suka ƙulla igiyoyin kaya, ba su kai ba. Suka ƙara da akalar raƙuma, saura gaba goma sha. Madugu ya tsaya ya dubi mutanensa. Sannan ya kai hannu ya warware rawaninsa.

Ko mu yara mun san abin da wannan ke nufi. A garinmu akwai mazan da suka tsufa tare ba su taɓa ganin bakin juna ba. Namiji ya yarda ya rasa raƙumi da ya sauke amawali, ɓangaren rawanin da ke rufe baki, gaban surukinsa.

“Ɗaya bayan ɗaya,” in ji Kaka, muryarta ta yi ƙasa, “uba gaban ɗa, suruki gaban suruki. Kowa ya kau da ido yana ƙulli. Da rawuna talatin suka jawo ruwan, cikin takalmin fata, kurɓi kurɓi. Dutsen bakin rijiya ya cinye rawunan sarai. Raƙuma bakwai ba su tashi ba, da mutum biyu.”

Da suka doso gari, masu gadin ganuwa suka hango maza kai buɗe, fuska a waje, suka ce ga mahara. Har an ɗana baka, sai wata mata ta gane tafiyar mijinta. Ba a yi guɗa ranar ba. Ayarin ya ratsa gari shiru har ƙofar fada. Madugu bai yi gaisuwa ba. Ya ajiye tsumman rawaninsa ƙarƙashin igiyar da ke rataye, ya juya.

Sai a lokacin aka tuna da tsohon bakin ƙofa, aka kira shi. Ya ce, “Abin da na so in faɗa gajere ne. Ku mayar da igiya, ku zaunar da mutum kusa da ita. Mai shan shayi yana iya sha ta ƙarƙashin amawali. Mai ƙishirwa kuwa, da ya ga guga sai ya sauke. Wanda ya ba shi ruwa shi zai ga fuskarsa.”

“Na ɗaure ta a bakin rijiya,” in ji Kaka, “mai ƙishirwa ya je ya kwance.” Haka take rufewa.

Washegari mai unguwa, Baba Almu, ya aiko a kira ni. Akwai mota mai zuwa Yamai, yana so a rubuta wa depitenmu takarda da Faransanci. Na tarar da dattawa cike da zaurensa. Baba Almu ya rame tun zuwan labarin ɗansa. Ya ce in rubuta cewa mutanen unguwa sun goyi bayan duk abin da za a yi don tsaro, har rufe rijiyoyin. Na rubuta, na ja layi da kyau. Ya ce in karanta a ji.

Na karanta. Sai na kasa naɗe takardar. Akwai wata a aljihuna, wadda na rubuta da asuba kafin in tafi lakwal, tatsuniyar Kaka cikin layi ashirin. Na yi ta ne don kaina, yadda nake rubuta duk abin da nake tsoron mantawa.

“Baba,” na ce, ina kallon yatsun ƙafata, “akwai saura.”

“Sauran me? Wa ya faɗa?”

“Kaka Tima.”

Aka yi dariya. Wani ya ce, “Tun yaushe gizo ya shiga takardar gwamnati?”

“Babu gizo a ciki,” na ce. Ban san inda na samo muryar ba.

Baba Almu ya dube ni ya daɗe. “Tima ta goya ni ina jariri, in na hana ta magana gobe gari zai ji. Karanta, Mushen Tima.”

Na juya musu ita da Hausa. Da na kai inda madugu ya warware rawani, dariyar ta mutu. Na ga wani dattijo ya kai hannu ya gyara amawalinsa ba tare da ya sani ba. Da na gama, na naɗe takardar.

“Wa ke da mutum a hanya?” in ji Baba Almu.

Wannan ya ce ƙanensa. Wancan ya ce ƴaƴansa biyu. Wanda ya yi maganar gizo ya ce surukinsa. Baba Almu ya shafa fuska.

“Ni nawa yana kwance da harsashi. Ba zan ce kar a tsare ƙasa ba.” Ya nisa. “Yaga ta farkon. Rubuta: a sa masu gadi, kar a rufe. Ka sa labarin tsohuwar a ƙasa, in suna da kunne.”

Na sake rubutawa sau biyu don kar a sami kuskure ko ɗaya. Suka dangwala yatsa da tawadata, aka kai wa direba.

Amsa ba ta zo ba. Rediyo ta koma kan wasu batutuwa, ba mu ji inda aka tsaya ba. Kwana ashirin da wani abu innata na hawa soro tana duban gabas. Kaka ta ci gaba da tatsuniyoyinta, na kura da na ƴar sarki, amma takan tsaya tsakiyar magana ta karkata kunne waje.

Wata ranar Laraba da hantsi aka ce ayari ya sauka bayan gari. Babana ya shigo bayan azahar, ya yi baƙi, ya bushe, ga kantun gishiri a kafaɗa. Ya durƙusa gaban Kaka. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta miƙa hannu ta lalubi kansa, ta bi naɗin rawanin da yatsa, zagaye bayan zagaye, har ta kai amawali.

“Cikakke ne,” ta ce. “Alhamdu lillahi.”

“Inna, me ya sami rawanina?”

“Ba ruwanka. Ku ba shi fura.”

Daga baya ya ce sun tarar da sojan raƙumi biyu a ƙaramar rijiyar. Sun rubuta sunayensu, sun taya su jan ruwa, har sun roƙi ganyen shayi. Ko takardarmu ce ta kai su can, ko dama sintirinsu ne, ko ma ba a taɓa buɗe takardar ba, ban sani ba. Da na girma na yi aikin magatakarda a Yamai, na bincika, ban sami komai ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana nufin dattawan fada wawaye ne. Sai da na zauna a ɗakunan da ake yanke irin wannan shawara na gane ba haka ba ne. Tsoronsu na gaskiya ne, kamar na Baba Almu, kuma mahara sun wanzu. Abin da ya same su shi ne, duk wanda ke fadar ranar ya sha ruwa kafin ya zo. Mai ƙishirwar yana can tafiyar kwana goma, bai san ana maganarsa ba.

Kaka ta rasu shekara biyu bayan haka. Har yau, idan na ji majalisa na mahawara kan tsaro, aka kawo shawarar da ta sa kowa ya tafa, nakan rage muryar rediyo. Sai in ji ta tana tona garwashi, tana tambayata ko akwatin yana magana da waɗanda ke kan hanya.