Rawayar Rigarta

Ƙarshen damina ne, shekarar da kogi ya ƙi komawa makwancinsa. Shinkafa ta ruɓe a tsaye, bangon ɗakinmu ya zauna, muka yi wata guda a ajin firamare. A can amai da gudawa ya ɗauke mini autata, 'yar shekara bakwai. Kwana biyu kacal ta yi.

Da muka koma gida na tono akwatin ƙarfena daga cikin laka. Hotonta ɗaya ne a duniya, na ranar Sallah, yana ciki ya jiƙe. Na yi masa abin da muke yi wa duk abin da ruwa ya taɓa, na shanya shi a kan zana tare da tabarmi da ragowar gero. Kwana nawa ya yi a rana ban sani ba, hankalina ba ya jikina. Da na ɗauko shi fuskar tana nan, amma rawayar rigarta ta koɗe ta yi fari.

Na kai shi wurin wani mai hoto a Haɗeja, dattijo mai tabarau. Ya ce tawadar da aka buga shi da ita mai araha ce, rana kan cinye rawayarta. Zai iya mayar da launin a kwamfuta, ya sake bugawa da wadda ba ta koɗewa, amma sai na zaɓa. Ya jero mini rawaya iri-iri. Wata mai kauri ce, yana ɗora ta ta binne aikin zaren wuyan rigar. Wata shara-shara, ana hango komai a ƙarƙashinta.

"Baiwar Allah, wacce ce tata?"

Na duba har idona ya kawo ruwa. Ni da na haife ta, na kasa nunawa.

Ya ce babu sauri, in je in tambayi mutanen gida. Maigidana ya ce ruwan ƙwai ce, yayarta ta ce a'a, ruwan ɗorawa. Abin da na riƙe kawai, ba rinin kasuwa ba ne. Ni na rina rigar da hannuna, da saiwar rawaya, sau uku na tsoma.

Washegari da sassafe na ɗauki fartanya da wani farin ƙyalle, na bi hanyar Malam Madori har tudu, inda ruwa bai kai ba, na fara tonon saiwar rawaya.