Ranar da Alƙali Ya Tambaye Ni Sunan Mijina

Maigidana mutum ne mai hankali ta kowace fuska, ban da fuskar littattafan wani tsohon alƙalin Amurka. A nan kam sai dai addu'a. Tun muna Kano na san yana son rubutun mutumin, amma sai da aiki ya kawo mu New York a ƙarshen shekarun tamanin na ga iyakar ciwon.

Shari'a ya karanta a jami'a, burinsa ya hau kujerar alƙalanci. Allah bai nufa ba. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne, dole ya kama aikin da ya fara samu, aikin da ya yi ta jan sa har ya kawo shi ofishin jakadancinmu yana tsara wa manya takardu. Ni kuma da aka yi aure na rasa abin da zan riƙa kiran sa, sai na laƙaba masa Alƙali, don ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya saurari kowane ɓangare kafin ya yanke hukunci. Sunansa na yanka kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Miji ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare shi. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya.

Ba kowane kwafi yake saye ba fa. Sai bugun farko, mai rigarsa ta takarda ba yagewa, kuma da sa hannun alƙalin a shafin gaba. Ranar Asabar mukan fito tare daga gidanmu na University Heights, ni in sauka Harlem neman daddawa da kuka, shi ya zarce ƙasan Manhattan yana bin shagunan tsofaffin littattafai. In ya dace, sai ya dawo rungume da leda a ƙirji, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Kabad ɗin gilashin da na saya don jeren tangarana, sannu-sannu ya cinye min rabinsa. Abin haushin, ba ya ma karanta su! Yana da wasu kwafin masu araha duk sun ci duniya, su yake karantawa.

Wata rana na ce, "Alƙali, wai littafi iri ɗaya guda biyu, ɗaya na karatu ɗaya na kallo? Wannan ai almubazzaranci ne."

Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Uwargida, tangaran ɗin nan naki, yaushe rabon da mu ci tuwo a ciki?"



Sai dai akwai abin da ke ci masa rai. Duk littattafan nan na hannu ne, kuma kusan kowanne da sunan wani a ciki. Alƙalin ya rubuta wa wata baiwar Allah fatan alheri, ta mutu, 'ya'yanta sun sayar. Ya rubuta wa wani ɗalibinsa, shi ma ya gaji ya sayar. Maigidana ya cika kabad da gaisuwar da aka yi wa wasu. Ya taɓa ce min, murya ƙasa-ƙasa, "Da ma ko sau ɗaya in ga sunana da rubutun hannun mutumin nan." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna min.

Kwatsam a farkon shekarun casa'in alƙalin ya fitar da sabon littafi, aka ce zai zauna a wani babban kantin littattafai yana sa hannu, yini ɗaya tak. Tsufa ya riga ya cim masa, kowa ya san da wuya a sake ganin sa a irin wannan zama. Ranar kuwa ta faɗo tsakiyar babban taron shugabannin ƙasashen duniya da ake yi a New York duk watan Satumba, lokacin da manya ke tururuwa daga gida, 'yan ofishinsu ko sallah a guje suke yi. Maigidana ya nemi izini, aka ce masa ko da wasa.

Sai ya dawo kaina. Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, ya yi min karatu har kunnena ya yi zafi: in duba bayan shafin farko in tabbatar bugun farko ne, kar in lanƙwasa rigar, kar in sa shi jaka ɗaya da kayan yarinya. "Takardar nan kawai za ki miƙa," in ji shi. "Ba sai kin ce komai ba." Ya san halina.

Na goya 'yar autata, lokacin tana haƙori, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Layin da na tarar har waje. Na sayi littafin, na duba abin da aka ce in duba, na bi sahu, takarda a hannu don kar ta ɓace. Wata tsohuwar Baturiya a bayana ta yi ta mamakin goyo, wai ya aka yi yarinya ba ta faɗowa. Ni kuma da son a yaba, sai na sauke ta, na saɓa ta a kafaɗa, na shiga koyar da ɗaurin zani da majanyi a tsakiyar kanti. Ina cikin bayani na ji ana tsotsar wani abu a gefen kunnena. Innalillahi! Takarda ta zama kunu a bakin yarinya, tawada har haɓa. Saura mutum biyu a gabana.

Mutane kan ce min, "Me ya hana ki ari biro ki sake rubutawa?" Ku tambaye ni! A asibiti ai in an ba ni takardar cikewa ina rubuta sunansa. Amma ranar wallahi kaina ya ɗauke ɗif, kafin in dawo hayyacina ga ni gaban tebur.

Ɗan tsoho ne ƙarami, hannunsa na ɗan rawa, ido kuwa tar a bayan tabarau. Ya buɗe littafin, ya ɗaga biro, ya dube ni.

"Wa zan rubuta wa?"

"Mijina," na ce da Turancina na makarantar 'yan mata.

"Madalla. Ya sunansa?"

Na buɗe baki. Sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya cak. Na ga fuskar mahaifina, na ga ta kakata da ta rene ni, wadda har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan kakana a bakinta ba. Ma'aikaciyar kantin da ke tsaye gefensa ta fara duba agogo.

"Ba zan iya faɗa ba, ranka ya daɗe."

Ya ajiye biron. "Kin manta ne?"

Layi ya kwashe da dariya. Nan fa zuciya ta ɗebe ni, na ce wace mace ce za ta manta sunan mijinta? Na ce a wajenmu mace ba ta kiran sunan miji, girmamawa ce, balle kuma sunan ubana ne.

Ya gyara zama, da alama abin ya yi masa daɗi. Ya ce ya sha ganin shaidun da suka ƙi magana, amma bai taɓa jin hujja mai kyan wannan ba. "To in abinci ya sauka, me kike ce masa?"

"Alƙali."

Ya sa na maimaita, sannan ya tambayi ma'anarsa. Na ce ai aikinka ke nan, ranka ya daɗe. Ya ce ashe mijin nawa alƙali ne? Na ce a'a, ya so ya zama, ya karanta, hidimar ƙanne ta hana. Na ce littattafanka sun kore min tangaran daga kabad, kuma duk da sunan wasu a ciki. Ban san lokacin da duk wannan ya zubo ba.

Tsohon ya sake ɗaukar biron. Sannan ya ce in faɗa masa baƙaƙen kalmar ɗaya bayan ɗaya. Har 'yar ƙugiyar da ke kan ƙa sai da na zana masa a iska da yatsa, ya kwaikwaya. Ya ƙara wani abu a ƙasa, ya rufe, ya miƙo min. Ban iya dubawa ba, na yi godiya na fice.

A jirgi jikina duk ya mutu. Abu ɗaya bawan Allah ya roƙe ni tun da muka zo ƙasar nan, na je na watsar. Yarinya kuwa tana ta ɓangala min dariya da shuɗin baki.

Da la'asar ya leƙo gida a gurguje ya canja riga, mota na jiran sa a ƙasa. Tun daga ƙofa yake tambaya, "An samu?" Na miƙa masa, na ce, "An samu, amma ka yi haƙuri, 'yarka ta cinye sunanka." Fuskarsa ta canja. Ya goge hannu a jikin wando, ya buɗe a hankali, ni kuma na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Da rubutu mai rawa an sa: Zuwa ga Alƙali, daga abokin aikinsa.

Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya nemi kujera ya zauna da riga ɗaya a hannu.

"Wa ya gaya masa?"

"Wa kake da shi a layin in ba ni ba?"

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, alhali ba abin da ya same su. Ni ma na ji idona ya kawo ruwa, tausayinsa da daɗi suka haɗe min.

"Shekara da shekaru kina kira na da sunan nan," in ji shi, "na ɗauka tsokana ce."

"Tsokana ce mana. Amma yanzu babbar kotu ta tabbatar, ba ɗaukaka ƙara."

Ya yi dariya har hawayen da yake ɓoyewa suka zubo. Direba yana ta danna hon a ƙasa, manya na jira a ofis, mutumin da bai taɓa makara ba ya ce a bar su su jira, ya sake buɗe shafin.