Taubashina a Kan Gawo

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da ranar da muka sauko da taubashina daga kan gawo da igiyar guga ba.

Ga yadda abin ya faro. Ɗiyar ƙanwata mai karatu a Yamai ta zo hutu Filinge, ana saura ƴan kwanaki Sallar layya. Muna zaune a zaure ta ba mu labarin cewa cikin hanjin ƙudan zuma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke taimaka masa narkar da abinci. Ta ce na ƙudan da ke zaune kan manyan duwatsu sun bambanta da na ƙudan kwari. Tana shirin faɗin dalili, taubashina ya miƙe.

Shi kuwa ya daɗe yana fama da ciki, nama ba ya zauna masa. Layyar bara fura ya sha yana kallonmu, ya kuwa rantse bana sai ya ci hantar ragonsa.

Na ce, "Zauna ta gama."

Ya ce, "Kai ne ba ka gane ba, sarkin tsari. Cikin ƙuda ya gyaru a sama, balle na mutum?"

Na farko, ya ɗaga amyar zumarsa zuwa reshe mafi tsawo na gawon da ke hanyar rijiya. Na biyu, kullum da safe ya hau da ƙwarya cike da zuma, ya zauna yana lasa har azahar. Na uku, ya daina sauraron kowa.

Ranar jajibirin Salla zumar ta yi aikinta. Cikinsa ya murɗa, ƙafafunsa suka mutu, ya rungume reshe yana kiran sunana. A ƙasa kuwa mata sun yi cincirindo da bokitai. Wata gwaggonmu ta ɗaga kai ta ce, "Kai, ɗan nan, mi ka kai ka can?"

Ya ce, "Gwaggo, don Allah ku gusa! Ku gusa da nisa!"

Sai da muka ɗaura masa igiya a ƙugu muka zuro shi kamar guga, ƙudan na rakiyarsa. A gidan likita aka ba shi magani, aka kuma hana shi maiƙo har mako biyu. Hantar ragon ni na ci, a gabansa.

Bayan Salla yarinyar ta ƙarasa zancenta: duwatsun da take nufi suna taɓa gajimare, sanyinsu da furanninsu daban ne, shi ya sa cikin ƙudansu ya bambanta. Gawo bai isa ba.

Tun ranar na kafa doka a zaurena: wanda ya zo sauraron magana, ba ya tashi sai mai ita ya kai ƙarshe.