Ƙorai Biyu na Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu na unguwar Gudji kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Mahaifinta ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan Injamena, ya zauna, ya yi aure, ya rasu bai ga Ka'aba ba. Al'adun da ya taho da su kuwa 'ya'yansa suka riƙe su gam, har fiye da waɗanda aka baro a gida. Fataken Nijar da ke sauka wurinmu dariya suke mana, wai su can ma an fara sakin wannan. Inna takan ce su suka sani.

In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata ta kira mata "waccan". In mu biyu ne kawai, to ni "ke" ce. Ranar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare, maƙwabciyarmu ce ta rangaɗa guɗa. Inna tashi ta yi ta shiga madafa tana faɗa wai an bar itace yana ci a banza. Na bi ta har can, ta ce in matsa, na tare mata haske. Ni kuwa ina da zuciya, ba na ɓoyewa, ranar ko tuwo ban ci ba. Kakata ta rarrashe ni da cewa haka ake yi, ita ma haka ta yi wa nata ɗan farin. Na ce na ji, amma ni dai sunana nake so in ji a bakin uwata, ko sau ɗaya ne.

Daga baya na zama malamar fizik a wata lise, wato makarantar sakandare. Kowace shekara akwai darasin da nake ɗokin zuwansa, na ƙwallon da cikinsa babu komai, an kuma baza cajin lantarki a jikinsa daidai wa daida ta ko'ina. Ba mu da kayan gwaji, don haka na ɗauki ƙorai biyu na Inna, waɗanda take auna gyaɗa da su, tunda sana'arta man gyaɗa da ƙuli ce. Ta bi ni da harara, ta aiko ƙanwata a gaya wa waccan kada ta fasa mata kaya.

A aji nakan kife ɗaya a kan ɗaya, in ɗaga sama, in ce wa yara su ɗauka duk jikin nan caji ne. In ka kawo ɗan ƙaramin caji ta waje zai ji ƙarfi, ko ja ko turi, kamar dai duk cajin ya taru wuri guda a tsakiya. To in ka sa shi a ciki fa? Kullum amsarsu ɗaya ce: a tsakiya cif ba zai ji komai ba, amma in ya matsa kusa da bango, bangon zai tunkuɗe shi. Sai in ce kun sha ƙasa. Yankin da ke dab da shi ƙarami ne amma yana kusa, wanda ke ɗaya gefen babba ne amma yana nesa, ƙarfin wannan ya cinye na wancan. Duk inda ka tsaya a ciki, sifili ne. Yara su yi ta musu, ni kuwa ina jin daɗi, don abin ya haɗu tsaf kamar ɗinkin da ba a ganin bakin zarensa. A lokacin lissafi kawai nake gani a ciki.

Bara waccan, ana tsakiyar zafi, hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu tana suyar ƙuli. Ɓarin jikinta ya mutu, amma maganarta tana fita. Ni na zauna jinyarta a asibiti, don ƙannena duk suna da ƙananan yara. Likita bai ɓoye mana gaskiya ba. Wata rana da la'asar, ɗakin cike da marasa lafiya da danginsu, ina shafa mata mai a ƙafa, sai na ga ba ni da sauran lokacin jira.

Na ce, "Inna, ki kira sunana. Sau ɗaya kawai."

Ta dube ni, duba na gaske, irin wanda ban saba samu ba. Leɓenta ya motsa. Sai ta juya fuska wajen bango.

Ta ce, "Ke, gyara min matashin nan. Mutane na ji."

Na gyara. Na zagaya bayan ɗakin na yi kuka mai haɗe da haushi, har na ce a raina matar nan taurin kanta sai ya bi ta kabari. Ya kuwa bi ta. Ba ta kai Juma'a ba.

A zaman makoki gida ya cika, daga kasuwa, daga unguwar Lamaji, har daga unguwar Tukra. Abin da ya ɗaure min kai shi ne mutanen da ban taɓa gani ba suna shigowa suna nemana, suna tambaya, ina Madam ɗin? Mai baburin da ke kai mata man gyaɗa kasuwa ya san makarantar da nake koyarwa, ya kuma tuna ranar da na ci bak, don ranar ta cika masa aljihu da ƙuli ba tare da ta ce na mene ne ba, sai da ya matsa mata. Sai ga wata tsohuwa Balarabiya, mai sayar da busasshiyar kuɓewa kusa da rumfar Inna. Ta kama hannuna ta ambaci sunana tun kafin kowa ya nuna mata ni. Na tambaye ta a ina ta ji shi.

Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "'Yata, ai uwarki ta cika mana kunne da shi. Safe ke, yamma ke. Mu ba mu san wannan kunya taku ba, shi ya sa a wurinmu take faɗar sunanki."

Na roƙe ta ta faɗa min yadda Inna ke faɗarsa. Baiwar Allah ta gwada, ta ɗan ja ƙarshen kamar yadda ta ce Inna na ja. Amma muryarta ce, ba ta Inna ba.

Kowa ya ɗauka wannan zai sanyaya min zuciya. Ƙanwata har cewa ta yi ai ga shi yanzu na ji. Ban ji ba, su suka ji. Mai kuɓewa ta ji, mai babur ya ji, rabin kasuwa sun ji, ni da nake cikin gidan ina wanke mata ƙafa ban samu ko ɗaya ba. Ina sonta, ina jin haushinta, kuma babu inda zan kai ƙara.

Da darasin ya sake zagayowa na ɗauko ƙoran. Har yanzu suna ƙanshin gyaɗa, sai dai babu mai aikowa a ce kada in fasa. Na kife su, na ɗaga sama, yara suka ba da amsar da aka saba, na gyara musu. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Madam, to wanda yake ciki, ta yaya zai san akwai caji kewaye da shi?"

Tambaya ce mai kyau, kuma na san amsarta tun ina ɗaliba. Na ce ba zai sani ba, sai in ya fita waje, ko kuma a huda ƙwallon. Ta ce in ba a huda ba fa?

Na ajiye ƙoran a kan tebur, na juya ga allo na goge abin da ban gama rubutawa ba. Ina nan tsaye ina goge wurin da babu komai har aka buga ƙararrawa.