Alwala a Gindin Dashe

Jiya na sauka daga babur a Karakkai, rana na ƙuna, sai inuwar dogon yaro ta tarbe ni tun daga ƙofar masallaci. Nan take na tuna marigayi Baba, ladaninmu.

Shekarar da zafi ya ishe mu, shi ya raba wa magidanta dashe, ya ce kowa ya riƙa alwala a gindin nasa. Na ce, "Baba, ruwan buta guda me zai tsinana?"

Ya yi dariya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Sau biyar fa a rana, ɗana. Wanda nasa ya bushe, mun gane marar sallah."

Ko ɗaya bai bushe ba! Allah ya kwantar da Baba a inuwar da ta fi wannan sanyi.