Maɓallin da Na Kasa Dannawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda ɗalibanta ke kira Malama Mai Tabarau, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Yaya, a kan tambaya ɗaya kika ƙarar da ƙuruciyarki: idan allon kwamfuta ya nuna hoto mai zurfi, wani abu a kusa, wani can ciki, shin ido zai fi saurin gano abin da yake nema? Likita mai duba hoton huhu ne a ranki, kada ƙari ya ɓoye masa a bayan haƙarƙari. Mu 'yan gida kuwa, a kanmu kika fara gwaji. Kika sa wa Inna baƙin tabarau mai nuna zurfin hoto, kika ce ta nemo jan ƙwallo cikin tarin ƙwallaye a allon. Ta miƙa hannu za ta cafko shi, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai siddabaru ne!" Kika yi dariya har da hawaye. Duk ɗalibin da kansa ya fara sarawa, ke da hannunki kike cire masa tabarau, ki ce ya je ya huta, aikin ba gudu zai yi ba.

An sha matsa miki ki ce na'urar tana taimakawa. Kika ce wani lokaci tana yi, wani lokaci ba ta yi, ba za ki faɗi abin da ba ki tabbatar ba.

Jiya na je ofis kwashe kayanki. Mayafinki na nan rataye a bayan kujera. Na zauna, na sa tabarau ɗin, na kunna gwajin. Maɓallai biyu ne, "akwai" da "babu", domin wasu hotunan da gangan ba ki sa ƙwallon ba. Na farko na gano shi, na biyu ma haka. Sai na zo kan wani da na duba sama da ƙasa ban ga komai ba. Amma zurfin nan ya hana ni haƙura, sai in ga kamar akwai wani lungu da ban leƙa ba. Haka nake nemanki tun da aka kai ki makwancinki: a falo, a bakin titi, cikin masu saukowa daga mota. Abin yana ba ni tsoro, Yaya. Har aka zo rufe ofis yatsana na kan "babu", ban danna ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Inna da maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, ya roƙa mini Allah Ya ba ni ƙarfin daina nema.