Tafintan da Yayana Ya Yi wa Baba

Bayan rasuwar Inna, Baba ya daina Hausa. Yarenmu C'lela kaɗai yake yi, ita ma sai an matsa masa. Ya bar gona, ya bar coci. Ni ina yawon sayen dawa tsakanin Bena da Sakaba, yayana ne a gida. Shi ya kai Baba asibiti a Zuru, shi ya yi tafinta, ya dawo ya ce mana gigin tsufa ne. Na yarda, don yayana ne.

Ba a daɗe ba yayan nawa ya kawo maganar sayar da gonar gindin dutse, wadda Baba da Inna suka noma tun aurensu. Wai mai gigi ba a shawara da shi.

Wata rana na sauke buhu a tsakar gida, Baba ya damƙi dawar ya ce ta bara ce, an cuce ni. Haka ne kuwa. Washegari na goya shi a babur muka koma wurin likitar da ta duba shi a Zuru.

Ta faɗi abu uku, fartanya, akuya, gishiri, ta ce ya riƙe. Da ta tambaya daga baya sai ya ce bai sani ba, a ƙyale shi. Ta ce in gaya masa ɗaya dabba ce. Ya yi ajiyar zuciya, ya jero ukun, ya ƙara da cewa wancan karon ma ya faɗe su.

Likitar ta dube ni. Ta ce mai gigi yakan yi ƙoƙari ya faɗi ba daidai ba, ko an tuna masa ba ya kamowa. Mai ciwon damuwa kuwa abin yana nan, ƙarfin nema ne babu. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, za ta fara masa maganin damuwa mu riƙa dawowa. Wancan zuwan, in ji ta, tafinta ya ce tsohon shirme yake yi.

A hanya na tsaya na tambayi Baba me ya hana shi magana ranar, alhali yana jin Hausa sarai.

"Na ji duk abin da ya faɗa," in ji shi. "Ɗana ne. A gaban baƙuwa zan ƙaryata shi?"

Gonar tana nan. Ina gaida yayana kamar kullum, amma ranar asibiti, ko da kasuwar Bena ce take ci, ni nake kai Baba.